Yini ɗaya a Birnin Damagaram

Daga Takeita, cibiyar ƙasar Garagumsa, zuwa Damagaram tafiyar kilomita 50 ce ko kusa da haka, bisa babbar hanyar da ta taso daga Yamai. Babu ranar Allah da motoci ba su ɗaukar mutanen wannan yanki su yi gabas da su. Akwai mai zuwa ganin likita, akwai mai neman takarda a wani biro, ga masu kai bisashe kasuwar Alhamis, ga kuma ƴan lakwal masu komawa bayan hutu. Duk sun san tasha, sun san Kasuwar Dole, sun san ƙofar asibiti. Amma in aka tambayi mutum yaushe rabonsa da shiga Birni don kallo kawai, ba don gaisuwar mutuwa ko ɗaurin aure ba, sau da yawa sai ya yi dariya, ya ce ai wannan aikin Nasara ne masu yawon buɗe ido.

Da can ana iya yi wa wannan amsa uzuri, don kowa yana ganin Birni ba inda za shi, in ba a gan shi bana ba, a gan shi baɗi. Ranar Talata 3 ga watan Satumba na shekarar 2024 ta ƙaryata wannan zato. A cikin daminar nan, wadda ta yi ɓarna a jahohin ƙasar nan duka, ruwa ya rushe tsohon masallacin Birni, ginin ƙasa da ke tsaye tun ƙarni na 19, wanda in aka ɗebe na Agadas babu masallacin da baƙi suka fi ziyarta a Nijar kamarsa. Wanda bai gan shi ba kafin ranar nan ba zai ƙara ganin aikin maginan farko ba, ko da an tayar da wani a gurbinsa. Saboda haka ya kyautu a bayyana yadda mutumin Garagumsa, ko wani baƙo mai yini ɗaya rak a hannunsa, zai yi amfani da yinin nan.

Ziyarar tana farawa tun kafin a isa. Wajen tsakiyar hanya mota takan ratsa Tirmini, yawancin fasinja kuwa ko kai ba su ɗagawa. Nan ne, a ƙarshen watan Yuli na 1899, rundunar Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga ta tari sojan Faransa. Sojan nan su ne ragowar ayarin Voulet da Chanoine, waɗanda suka yi ta ƙone garuruwa tun daga bakin Kwara, har sojojinsu suka juya musu baya suka kashe su a Maijirgi, yamma da Takeita, mako biyu kafin wannan karo. Tsohuwar gaba ce ta kawo su. Shekara guda kafin nan, ran 5 ga watan Mayu na 1898, an kashe Kaftin Cazemajou da tafintansa a Damagaram, domin fada ta yi zargin cewa yana kan hanyar ƙulla abota da Rabe, wanda a lokacin ya riga ya cinye Barno. Dawaki da masu da bindigogin dā ba su iya da bindigar zamani ba. Faransawa suka shiga birnin, Sarki Amadu ya fita, aka cim masa aka kashe shi cikin watan Satumba. Ke nan hanyar da mutanen Garagumsa ke bi kullum zuwa kasuwa, ita ce mulkin mallaka ya biyo ya shiga Damagaram.

Abin da ke fara tarbar baƙo shi ne duwatsu, manya-manya masu sulɓi, wasu bisa wasu kamar an jera su da hannu, gidaje kuma sun kutsa tsakaninsu. Kyawun garin ke nan, wahalarsa kuma ke nan, don dutsen da ke sama shi ne a ƙasa, rijiya ba ta samun ruwa da sauƙi. Shi ya sa aka daɗe ana jawo wa garin ruwa daga nesa, daga Gogo da Macaya da Arunguza, kuma ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da Faransawa suka kawo sa'ad da suka ɗauke babban birnin ƙasa daga nan, inda yake tun 1911, suka mai da shi Yamai a 1926.

Garin asali kashi biyu ne. Akwai Birni, mazaunin sarauta, akwai Zango daga arewa, masaukin fatake da Abzinawa. Filin da ke tsakaninsu Nasara suka cike da ma'aikatu da kantuna da sabbin unguwanni. Mai yini ɗaya ya fara da Birni tun da hantsi, kafin rana ta yi zafi, kuma da ƙafa. Lungunan ba don mota aka yi su ba, wanda kuma ya hau kabu-kabu ya ratsa su a guje bai ga kome ba sai ƙura.

Kafin a shiga, ya kamata a nemi ganuwa. A nan ne baƙo zai fara jin nauyi a zuciya, don sai an nuna masa. Turawan da suka iso a 1899 sun tarar da bango mai tsawon kusan mita 10, mai kauri a gindi fiye da haka, da ƙofofi 7. Yau abin da ya rage guntaye ne nan da can, tudun jar ƙasa da wanda bai sani ba zai ɗauka suri ne ko juji. Ruwan sama ya ci rabonsa, masu ɗibar ƙasar gini sun ci nasu. Sarki Tanimun ɗan Sulaiman ne ya tayar da ita a tsakiyar ƙarni na 19. Gidan sarautarsa daga Barno ya samo asali, daga wani malami da ake kira Malam Yunus, wanda ya kafa ta cikin shekarun 1730; mahaifin Tanimun, Sulaiman ɗan Tintuma, shi ya kawo gadon sarauta wannan gari a farkon ƙarni na 19. Har yanzu sunayen sarautun fada, irin su Ciroma da Galadima da Kaigama, suna tuna wa mai sauraro wannan asali, ko da yake harshen gari Hausa ne. Tanimun, wanda ya yi mulki har 1884, shi ne ya mai da ƴar ƙasar da ke kai gaisuwa Kukawa ta zama daula mai sojan bindiga, har da igwa da maƙeran garin suke zubawa da kansu. Da wannan ƙarfi ne ɗansa Amadu ya kai yaƙi har Gezawa, ƙofar Kano, a zamanin Sarkin Kano Alu. Mai son bin labarin daki-daki sai ya nemi littafin da marigayi André Salifou, ɗan garin, ya wallafa a 1971 kan Damagaram ta ƙarni na 19. Jami'ar garin da sunansa ake kiranta.

Fada tana tsakiyar Birni, da babban fili a gabanta. Ba gidan kallo ba ce, gidan sarki ce mai rai: ana zaman fada, ana kawo ƙara, ana sasanta masu gardamar gona ko gado. Dogarai suna bakin ƙofa da rigunansu na ja da tsanwa. Baƙo ya yi sallama, ya faɗi inda ya fito da abin da ya kawo shi, ya tuɓe takalmi inda aka ce ya tuɓe, kada kuma ya ɗaga na'urar hoto sai ya nemi izini. In an yarda masa, za a haɗa shi da wanda zai zaga da shi zaurukan da aka buɗe wa baƙi. Abin lura a ciki shi ne sanyi. A watan Afrilu, sa'ad da ɗakin kwano yake zama tanda, zauren ƙasa mai kaurin bango yana nan da ni'imarsa, ba fanka ba lantarki. Sai kuma rufi: a ɗaga kai a dubi yadda aka jera azara, aka lanƙwasa bakan gizo, har ɗaki mai faɗi ya tsaya ba ƙarfe ko ɗaya. Wannan gida ya ga juyin zamani. A 1906 Faransawa suka tuɓe Sarki Amadu ɗan Basa bisa zargin shirya tawaye, suka kai shi Kodibuwa, sarautar ta zauna ba sarki na gado har 1923, sa'ad da aka naɗa Barma Mustafa.

Akwai abin da masu zagawa da baƙi ba su cika faɗi ba, alhali ya kamata a faɗa. Dukiyar da ta gina ganuwa da fada ba daga gero kaɗai ta fito ba. Ayarin da ke tashi daga nan ya bi ta Abzin da Gat zuwa Tarabulus yana ɗauke da fatu da gashin jimina da hauren giwa, yana kuma kora bayi, waɗanda da yawansu daga ƙauyukan kewaye aka kamo su. Baturen Ingila James Richardson, da ya sauka a garin a farkon 1851, ya ga haka da idonsa ya rubuta. Mai yiwuwa ne ɗan ƙauyen da ya zo kallo yau, kakansa na cikin waɗanda suka ɗauki ƙasar ganuwar nan a ka ba da son ransu ba. Wannan bai rage masa haƙƙi a kan Birni ba, sai ma ƙara masa.

Bayan fada sai lunguna, kuma a nan ne ya kamata a ɓata lokaci. Gidan Birni na dā da fuskarsa ake gane shi. Magini yakan tayar da bango da tubali, wato curin ƙasa da aka mulmula da hannu aka shanya, ba bulo mai kusurwa huɗu ba. In bango ya tashi sai a yi masa yaɓe, tun yaɓen yana ɗanye a zana shi, wani a tono, wani a tayar, daga baya a bi da launi. Akwai dagi, akwai takobi, akwai zane mai kama da aska ta wuyan riga, don hannun magini da na maɗinki daga rijiya ɗaya suke sha. A gidajen da aka gina zamanin cinikin gyaɗa har keke da mota da agogo ana gani a bango, mai gida yana gaya wa mai wucewa abin da Allah ya hore masa. A bisa kusurwoyi ga zanko tsaye kamar kunnen zomo. Duk wannan ado a zaure yake, wato a fuskar da ke kallon jama'a. Cikin gida na masu gida ne, baƙo ba ya leƙawa sai an ce ya shigo.

Amma a kowane lungu, kusa da gida mai ado, akwai kango. Dalilin ba boyayye ba ne. Ginin ƙasa kamar dabba yake, kiwo yake so. Kowace shekara kafin damina sai an sake yaɓe, an gyara indararo, an duba rufi. Da can akwai makuba, wadda ake yi da ɓawon ɗorawa, tana hana ruwa shiga bango. Akwai azarar giginya wadda gara ba ta ci. Akwai kuma hannuwa da yawa a gida. Yau giginya ta yi wuya, makuba ta yi tsada, gidan gado kuma na mutum ashirin ne, waɗanda rabinsu suna Yamai ko Kano ko Agadas, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya fara. Wanda ya samu hali sai ya shafe bangon ƙasa da siminti, yana ganin ya huta. Siminti kuwa ba ya kama ƙasa. Damshi yakan taru a bayansa, ya ci bango daga ciki, ran da ɓawon ya faɗo sai a tarar ba abin da ya rage. Ga kuma ruwan da ke kwanciya a gindin bango saboda magudanai sun toshe da leda. Ba daidai ba ne a zargi magidancin da ya rushe soron kakansa ya yi ɗakin bulo da kwano. Mutumin da ya kwana yana sauraron ruwa, ƴaƴansa suna barci ƙarƙashin rufin da ya tsage, ba maƙiyin tarihi ba ne. Tambayar ita ce wa zai taya shi ɗaukar nauyin abin da ake cewa na ƙasa ne baki ɗaya.

In rana ta take, sai a nemi inuwa, a sha fura, a sayi alkaki, wanda Damagaram ta yi suna da shi, na tsaraba. A kan hanyar Zango za a hangi barikin soja bisa duwatsu. Faransawa ne suka gina shi suka sa masa sunan Cazemajou, bayan samun ƴancin kai aka mai da shi sunan Tanimun. Wurin soja ne, a dube shi daga nesa, ban da hoto. Zango kuwa shi ne garin kuɗi a zamanin ayari. Nan Malam Yaro ya zauna, attajirin da harkarsa ta kai Tarabulus, wanda Faransawan farko suka yi hulɗa da shi. Ta wannan gari ne kuma Bajamushen nan Heinrich Barth, mai kiran kansa Abdul Karim, ya biyo a ƙarshen 1852, ya yi wata guda yana jiran kaya daga arewa kafin ya wuce Katsina da Sakkwato da Tumbutu. Gidan tarihi na jaha ma yana nan ga mai sauran lokaci.

Da la'asar sai wurin dukawa da majema. Hanci ne ke kai mutum majema, ba tambaya ba. Ana jiƙa fata a ruwan toka don gashi ya saki, a kankare ta, a tsoma ta cikin ruwan bagaruwa har ta jemu, a shafe ta da mai, sa'an nan a rina. Ja daga karan dafi yake fitowa. Daga nan dukawa su karɓa, su yi jaka da takalmi da titimi da kube da kayan doki. Fatar jar akuya ta ƙasar Hausa ta daɗe tana ƙetare Sahara, kuma wani sashe na abin da Turawa suke kira fatar Maroko daga wannan yanki ya fito. Sunan tashar da suka saye ta suka ba ta, ba na makiyayin da ya yi kiwo ba.

Tun da zance ya kai Maroko, akwai birnin da ya dace a gwada da Damagaram, wato Fas. Mutanen ƙasar nan da yawa sun san ta, don can ne kabarin Shehu Ahmadu Tijjani yake, wanda ya rasu a 1815, masu ziyara kuma ba su yankewa daga Afirka ta Yamma. Fas ta girmi Damagaram nesa ba kusa ba: an kafa ta a ƙarshen ƙarni na 8, masallacinta na Ƙarawiyyin kuma tun 859. Amma ƙaddararsu ta yi kama. Ita ma Faransawa sun ƙwace mata matsayin babban birni a 1912 suka ba Rabat, suka gina sabon gari a gefenta suka bar tsohon da lungunansa. Wanda ya yi kwana biyu a can yakan shiga ta ƙofar Bu Julud, ya gangara cikin lungunan da mota ba ta shiga, sai jaki da alfadari, ya ga makarantar Bu Inaniyya ta ƙarni na 14, ya hau bisa soron masu sayar da fata ya hangi majemar Shuwara, ana miƙa masa ganyen na'ana'a ya toshe hanci. Aikin da zai gani a ramukan nan ɗan'uwan na Damagaram ne, wari ma ɗaya ne. Bambancin shi ne a Fas an mai da majema wurin da baƙo ke biyan kuɗin jirgi don ya gani.

Kada a ɗauka Fas ba ta da nata ciwo. Akwai gidaje a cikinta da aka tokare da katako don kada su faɗa wa masu wucewa, masu hali da yawa kuma sun ƙaura zuwa sabon gari. Gininta ma na bulo da farar ƙasa ne, ya fi tubali jure ruwa. Sai dai hukumar UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihin duniya tun 1981, a 1989 kuma gwamnatin Maroko ta kafa ma'aikata ta musamman wadda ba ta da wani aiki sai gyaran tsohon birnin, gida bayan gida, tare da masu gidajen. Abin koyi ke nan, ba yawan baƙi ba. A nan gida, Agadas ta shiga wannan jeri a 2013. Birnin Damagaram da fadarsa kuwa an rubuta su a jerin masu jira tun 2006, shekarar da garin ya karɓi bikin 18 ga Disamba. Bikin ya sake dawowa a 2018 da shirin Zinder Sabuwa, aka yi hanyoyi da gine-gine, garin ya yi kyau. Amma yaɓe ba aikin biki ba ne, aikin kowace bazara ne, kuma kuɗin da yake ci bai kai na bene ɗaya na siminti ba. Maginan da suka gaji sana'ar suna nan, sai dai ɗan da bai ga uban yana samun aiki ba ba zai tsaya koyo ba.

A nan ne zuwan maƙwabta yake da amfani. Baƙon Turai yakan zo in hanya ta yi lafiya, ya ɗauke ƙafa in ta ɓaci, kuma shekarun nan ya ɗauke. Mutumin Takeita da na Matamai da na Mirya ba su da wannan matsala. Mushen da ya cika mota ɗaya da ƴan ajinsa, ya tsaya da su a Tirmini minti goma, ya kai su gindin ganuwa da ƙofar fada, ya koyar da tarihin da allo ba ya koyarwa, kuɗin kuwa bai wuce na mota da abincin rana ba. Mai gidan da ya ga ana tsayawa ana kallon zaurensa, ana tambayarsa wa ya gina, zai yi tunani sau biyu kafin ya kira mai bulo.

Game da lokacin zuwa, kowane yana da ribarsa. Ranar Alhamis kasuwa ta fi cika, amma mota takan yi wuya da yamma. Mai son ganin sarauta a kan doki ya zo ran hawan salla, sa'ad da filin fada yake cika da mahaya da ƴan lifidi, kakaki da algaita suna tashi. Akwai kuma wasan kara, inda samari ke yin dawakin kara suna kwaikwayon sarki da manyan gwamnati, manyan kuma suna zaune suna dariya. Lokacin ɗari, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ya fi daɗin tafiya da ƙafa. Amma mai son ganin magina a bakin aiki, suna cuɗa ƙasa da ƙafa suna jefa wa na bisa bango curi ɗaya-ɗaya, sai ya daure wa zafi ya zo cikin Afrilu ko Mayu, kafin hadarin farko ya taso daga gabas.